Gwangwanin Zare

Aikin farko da na yi bayan na gama karatun harhaɗa magunguna a Haɗeja ne, a ɗakin magani na wani asibiti. Ni mutumin ƙasar Katsina ne, daga can wajen Jibiya, kuma kafin takardar ɗaukar aiki ta iso ban taɓa wuce Kano ta gabas ba. Na sauka a tasha da akwati ɗaya da katifa a naɗe, ana tsakiyar damina. Abin da na fara lura da shi ruwa ne. A wajenmu in an yi ruwa, kafin la'asar ƙasa ta shanye. A nan kuwa kwanciya yake yi a gonaki, ya cinye hanya, mutane su ci gaba da harkokinsu kamar ba abin da ya faru.

Na kama ɗaki ciki ɗaya a bayan asibitin. Sati biyun farko sauro ya hana ni sakat, har na sayi gidan sauro na biyu na ɗora a kan na farko. Abinci kuma shinkafa da kifi, gobe kifi da shinkafa, ni da na tashi da tuwon gero. Ban yi ƙorafi ba, domin neman na kaina ya kawo ni. Abin da ban shirya masa ba shi ne wasan da ke tsakanin Haɗejawa da Katsinawa. Ina buɗe baki ake gane ni. Mai shayi, ɗan acaɓa, har mai gadin asibiti, kowa ya samu abin tsokana. Ba wanda ya damu da sunana, Bakatsine kawai ake kira na.

Wadda ta fi kowa morar wasan ita ce Hajiya, mataimakiya a ɗakin maganin. Ba ta yi karatun da na yi ba, amma ta fara zama a bakin tagar nan tun ina rarrafe. Ranar da na fara aiki ta dube ni sama da ƙasa ta saman tabarau.

"Kai aka aiko mana? Duk faɗin ƙasar nan ba a samu kowa ba sai Bakatsine?"

"Hajiya, an ji labarin ɓarnar da kuke yi ne, shi ya sa aka ce in zo in duba ku."

"To sannu da zuwa, likitan Turai. Ga kujerarka can. Ƙafarta ɗaya a karye take, domin irinku muka ajiye ta."

Muka yi dariya, daga ranar muka saba. Ita ta nuna mini inda ake sayen banda mai kyau, ita ta sa aka riƙa kawo mini tuwo daga gidanta ranar Juma'a, wai kada in mutu a ce Haɗejawa sun kashe baƙo da kifi.

Aikin ba shi da wuya. Ƙwayoyi a manyan gwangwanaye suke zuwa. Majinyaci ya miƙo kati da takardar likita ta taga, mu ƙirga, mu zuba a 'yar leda, mu liƙa takarda mu rubuta suna, mu ja layi ɗaya ko biyu ko uku, gwargwadon sau nawa za a sha a rana. Hannuna yana da sauri, kuma ina alfahari da hakan. Hajiya kuwa tana da wata ɗabi'a da take ɓata mini lokaci. A aljihun teburinta akwai tsohon gwangwanin madara cike da guntayen zare, ja da baƙi da kore da shuɗi, waɗanda take roƙowa wajen wani tela a bakin kasuwa. Wasu ledojin sai ta tsaya ta ɗaure bakinsu da zare, ta ƙulla sau ɗaya ko sau biyu, layi kuma yana ta tsawo a waje. Na lura wasu katunan ma an huda gefensu an zura zare. Sau ɗaya na tambaye ta. Ta ce, "Na mutanen ƙetaren ruwa ne." Ban sake tambaya ba. A raina na yanke cewa tsufa ne da sabo, kuma ɗakin magani ba wurin tarkacen tela ba ne.

Wata na uku da zuwana, 'yar Hajiya ta haihu a Kafin Hausa, ta ɗauki hutun sati ɗaya. A satin aka ce masu duba asibitoci za su zo. Na naɗe hannun riga na share ɗakin tas, na goge kantoci, na jera gwangwanaye tambari yana kallon gaba. Da na buɗe aljihun teburinta na ga gwangwanin zaren, duk ya yi tsatsa, ban yi dogon tunani ba na jefa shi cikin shara. Aka ƙone sharar da yamma.

Ranar Alhamis wani mutum ya zo taga da katuna biyar a hannu. Dogo ne, baƙi, wandonsa a naɗe har gwiwa, laka ta bushe a ƙafarsa. Mai kwalekwale ne daga wani ƙauye a cikin fadama. Idan ruwa ya raba su da gari, tsofaffin da ke kan magani na wata-wata ba sa iya fitowa, sai su ba shi katunansu, likita ya sabunta, shi ya karɓo musu. Na ƙirga na zuba, na rubuta sunan kowa, na tattara ledoji biyar da katuna biyar na zuba cikin baƙar leda ɗaya, na ƙulle don kada su jiƙe. Mutumin ya karɓa, ya tsaya bai tafi ba.

"Ranka ya daɗe, ina Hajiya?"

"Ta yi tafiya."

"To, zaren fa?"

"Ba zare. Sunan kowa yana jikin nasa. Ko duk ƙauyenku ba mai karatu?"

Da wasa na faɗa, irin wanda ake yi mini kullum, amma akwai mutane a bayansa, kuma wasu sun yi dariya. Ya dubi ledar, ya dube ni.

"Akwai," ya ce. Ya cusa ledar cikin hula ya tafi.

Masu dubawa suka zo washegari, suka yaba tsaftar ɗakin. Na yi kwana uku ina jin kaina.

Ranar Litinin da safe Hajiya ta dawo da ƙullin dubulan na suna. Ta zauna, ta ja aljihun tebur, ta laluba, ta sake lalubawa.

"Bakatsine, ina gwangwanina?"

Na gaya mata gaskiya. Na yi zaton faɗa za ta yi, ko ta zage ni irin zagin wasa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta cire tabarau ta ajiye.

"Wa ya zo daga ƙetare ba na nan?"

"Wani dogo, mai katuna biyar."

"Ɗauko takardun likitan."

Na ɗauko daga ƙusar da muke soke su. Ta jera su a tebur, ta ture uku gefe. Ɗaya maganin ruwa ne, ɗaya kafso mai kala biyu, ɗaya manyan ƙwayoyi, ba mai ruɗa su. Ta ɗora yatsa a kan biyun da suka rage.

"Wannan Malam ne, mai ciwon suga. Jan zare. Wannan Baffa ne, tsohon makiyayi, mai hawan jini. Baƙin zare. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Ɗauko mini ƙwayoyin nan biyu ka zuba a tafin hannunka."

Na zuba. Duka farare ne, ƙanana, kowace da tsaga a tsakiya. Ni da na karanta su a makaranta, sai da na juya su na duba harufan da ke jiki kafin na bambance.

Ta ce, "Kalar zare ita ke faɗin mai shi, ƙulli ya faɗi sau nawa zai sha. Irin zaren da ke jikin katin mutum shi ke bakin ledarsa. Malam ya sauke Alƙur'ani tun ba a haifi babanka ba, amma rubutun bokonka, da wannan hannun naka kamar kaza ta bi ta kan yashi, wa zai karanta masa?"

Lissafin da nake yi a kaina bai da tsawo. Idan sun yi musaya, Malam zai yi kwanaki ba maganinsa, sugansa ya hau, wannan ana iya gyarawa. Amma tsoho wanda ba shi da ciwon suga, yana haɗiyar ƙwayar sauke suga kowace safiya, kwana huɗu ke nan, yana iya kwantawa bai tashi ba, a ce ajali ne, ba wanda zai san hannuna ne. Wataƙila kuma ba su yi musaya ba, kowa ya dace da nasa. Rabi da rabi ne.

Hajiya ta kira wayar mai kwalekwale sau uku, ba ta shiga. Ta ce in ruwa ya cika haka layi ba ya kai musu.

Ba zan ɓoye ba, na yi tunanin yin shiru. Watana uku kacal a aiki, ba a tabbatar da ni ba, kuma fita a lokacin aiki yana nufin in shiga ofishin likita in ce na yi kuskure kafin ma a san ko an yi. Hajiya ba ta ce je ka ba, ba ta ce zauna ba. Ta ci gaba da karɓar katuna a taga, ta bar ni tsaye da ƙwayoyi biyu a hannu. Na shiga wurin likita na faɗa masa komai, har maganar da na yi wa mutumin a gaban jama'a. Ya saurara har na gama, ya ba ni na'urar gwada suga, ya ce, "Maganar laifi sai ka dawo. Tafi."

Ɗan acaɓa ya kai ni inda hanya ta ƙare a cikin ruwa. A nan kwalekwale uku suke ɗaure, kuma cikin ikon Allah ɗaya na dogon mutumin ne, yana loda buhunan gishiri. Ya gane ni. Na gaishe shi, na tambaye shi yadda aka raba maganin.

"Ukun dai ba wuya. Biyun nan, su da kansu suka zaɓa. Malam ya ce nasa mai tsaga ne a tsakiya, Baffa ya ce shi ma nasa haka yake. Suka yi ta gardama, daga baya kowa ya ɗauki ɗaya."

"Lafiyarsu ƙalau?"

"Malam dai yana ta shan ruwa kamar raƙumi. Baffa ne ba ya jin daɗi. Tun shekaranjiya da hantsi sai ya kama karkarwa, gumi ya jiƙa shi, ya riƙa surutai. In an ba shi fura sai ya dawo daidai. An ce ko iska ce ta taɓa shi a bakin ruwa."

Na sayi mazarƙwaila guda biyu wajen wata mai talla a bakin ruwan, na ce masa mu tafi yanzu, gishirin ya jira.

Ban taɓa shiga kwalekwale ba sai ranar. Na zauna a tsakiya na riƙe gefe da gefe da hannu biyu, shi kuma yana tsaye a baya yana tura mu da doguwar gora. Muka bi ta kan gonakin shinkafa da ruwa ya rufe, kawunan shinkafar kawai ake gani. Muka shiga wata siririyar hanya tsakanin ciyawar kacala da ta fi mu tsawo, iska ba ta shiga, ba ka ganin komai sai sama. Duk lokacin da jirgin ya karkata sai in yi salati.

"Bakatsine, saki jirgin, ba gudu zai yi ba. Ruwan nan iya ƙirjina ne."

"Ƙirjinka ai ya kai kaina."

Ya yi dariya, wannan ne karon farko da ya saki fuska da ni. Na samu ƙarfin cewa ya yafe mini maganar ranar Alhamis. Ya tura gora sau biyu kafin ya amsa.

"Da ka tambaye ni ba mutane a wurin, da na ce maka ba na iya karatun."

Mun isa wajen sha ɗaya da rabi. Baffa yana kwance a kan tabarma a ƙarƙashin rumfa, rigarsa sharkaf, idonsa a buɗe amma bai san wanda ke kansa ba. 'Yarsa tana yi masa fifita. Ta ce ya sha ƙwayarsa bayan asuba kamar kullum, kuma yau ya ƙi furar. A gefensa wani farin tsoho mai tsage a fuska yana zaune da carbi yana tofa masa addu'a, da buta cike da ruwan sha a kusa da shi. Ba sai an gaya mini shi ne Malam ba.

Na ce a kawo ledar maganin Baffa. Aka ciro ta daga cikin ƙwarya. Rubutun hannuna ne a jiki, sunan Malam ne.

Na soki yatsansa na gwada. Lambar da ta fito ta yi ƙasa sosai. Na gwada shi da ɗigon ruwa na ga yana iya haɗiya, sai na jiƙa mazarƙwaila a kofi, muka ɗaga kansa, na riƙa ba shi da cokali kaɗan-kaɗan. Bayan kamar rubu'in sa'a ya lumshe ido ya buɗe, ya dubi rumfa, ya dubi Malam.

"Kai Babarbare, me kake tofa mini? Ka jiƙa mini riga."

Malam ya ajiye carbi. "Alhamdu lillahi. Bawana ya tashi. Da ka mutu wa zai riƙa kawo mini nono?"

'Yar ta rufe fuska da mayafi tana kuka tana dariya. Na tsuguna na gaya musu abin da ya faru, ba ƙari ba ragi: ba iska ba ce, maganin Malam yake sha, kuma ni na ba da shi ba zare. Malam ya aika aka ɗauko tasa ledar, ya juya ta a hannu.

"Ashe na Bafulatani nake sha. Shi ya sa kwana biyu nake jin ina son bin shanu."

Na ce dole Baffa ya bi ni asibiti, domin ƙwayar tana daɗewa a jiki, sugan zai iya sake faɗuwa bayan na tafi. Malam ma a duba shi. Baffa ya ce ba inda za shi, ya warke. Malam ya ce in bai tashi ba zai sa a ɗaure shi kamar maraƙi. Haka muka dawo mu biyar a kwalekwale har da 'yar Baffa, tsofaffin biyu suna tsokanar juna, ni ina miƙa wa Baffa guntun mazarƙwaila lokaci-lokaci. A dawowar ban riƙe gefen jirgi ba, hannuwana suna da aiki.

Baffa ya kwana biyu ana yi masa ƙarin ruwa, aka sallame shi da ƙafarsa. Malam aka mayar da shi kan nasa maganin. Ni kuma aka ba ni takardar gargaɗi, na sa hannu, na ga ta dace da ni. Abin da ya fi damuna a kwanakin shi ne Hajiya ta daina tsokanata. Sai gaisuwa, sai maganar aiki. Ban san wasan nan shi ne ya sa na ji garin ya karɓe ni ba sai da aka ɗauke shi.

Ranar Asabar na tafi bakin kasuwa na nemi telan. Na tsuguna a ƙarƙashin kekensa ina tsintar guntayen zare, yana tambayata ko Katsinawa sun fara cin zare ne. Na sayi madarar gwangwani, na shanye a wajen mai shayi, na wanke gwangwanin na shanya. Ranar Litinin na riga ta zuwa na sa shi a aljihun teburinta. Ta ja aljihun, ta zazzage zaren a tebur, ta bi shi da yatsa.

"Ba shuɗi."

"Telan ba shi da shi."

"To matar mai unguwar ƙetare da me za a ɗaure nata? Da gemunka? Kai dai Bakatsine ba ka taɓa yin abu ya cika ba."

Na koma da rana na samo shuɗin.

Ranar da tsofaffin suka dawo a sake duba su, ita ta ce in ɗaure da hannuna. Na ɗaure na Malam da ja, na Baffa da baƙi, ƙulli ɗaya-ɗaya. Baffa ya ɗaga tasa ledar sama ya duba zaren, bai ko kalli rubutun ba, ya sa a aljihu.

Shekara huɗu na yi a tagar nan kafin na ajiye aikin na shiga kasuwancin magani. Ban koma Katsina ba, a nan na yi aure, a nan shagona yake. Na daɗe ina tunanin abin, kuma har yau ban ga laifin rubutun suna a jikin leda ba, haka aka koya mini, haka nake sa ma'aikatana su yi. Abin da na kasa yi wa kaina uzuri a kai shi ne zaren yana jikin katunan nan biyar, a hannuna, na gan shi, mutumin kuma ya tambaye ni da bakinsa. Tambaya ɗaya ta rage in yi, ban yi ba saboda layi ya yi tsawo kuma ina son a ga saurina.

Yanzu yawancin ƙwayoyi a cikin kwali suke zuwa, kowane da kalarsa, kuma waya tana shiga ƙauyukan da da ba ta shiga. Duk da haka in damina ta yi nisa, mutum yakan shigo shagona da laka a ƙafa da takardun mutum uku ko huɗu. Irin wannan ba na barin kowa ya sallame shi sai ni. Ina jan shi gefe inda ba mai ji, in tambaye shi wa zai raba maganin in ya isa, sannan in ja aljihun tebur.